Bagaruwa da ƙafar ɓera: littafin furojet ɗina

Litinin 20 ga Janairu 2025

To yau dai Dakta, malamin da ke duba aikina, ya sa hannu a taken furojet ɗina bayan sati uku ina sintiri a ƙofar ofishinsa. Zan gwada ko 'ya'yan bagaruwa suna rage kumburi a ƙafar ɓera, in kwatanta da dikilofenak, maganin ciwo da kumburi da ake sayarwa a kemis. Na ce bari in riƙa rubuta komai a nan, kuɗin da na kashe da shirmen da na tafka, ko 'yan ajin da ke bayanmu za su huta da wata wahalar, don mu ba wanda ya gaya mana komai sai da muka faɗa ramin muka san da shi.

Zaɓen bagaruwa ba wani dogon tunani na yi ba. A gidanmu in dasashi ya kumbura bagaruwa ce, in mace ta haihu bagaruwa ce a ruwan zama, majema kuma da ita suke jeme fatar jar akuyar nan tamu ta Sakkwato da ake ji da ita. Da na faɗa wa Dakta haka sai ya ce madalla, amma kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya je ka zo mini da amsar tambaya guda, wa ke gaya wa ƙafa ta kumbura? Na ce ciwo, ranka shi daɗe. Ya yi dariya ya ce ciwo ba ya magana, nemo mini ɗan aiken. Sati biyu ya ba ni.

Alhamis 23 ga Janairu

Kwana uku ina karatu, datar dubu biyu ta tafi. Ɗan aiken da Dakta ke nufi ashe kitse ne. Ni duk zamana a makaranta kitse abu biyu ne a wurina, ko ajiyar ƙarfi ko abin da ke toshe jijiya, ashe akwai wanda sana'arsa kai saƙo. Bari in faɗa da bakina in ga ko ya zauna. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana da bango, bangon kuwa da maiƙo aka gina shi. Cikin tubalan bangon akwai wani maiƙo da ake kira arakidonik asid, kabon 20 gare shi, yana nan a saƙale ba ya komai. Ranar da ƙaya ta soke ka ko ƙwayar cuta ta shigo sai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna fosfolifes A2 ya zo kamar tela da almakashi ya yanko shi daga bangon, yana faɗowa wani enzayim ɗin da ake ce wa COX ya cafke shi ya mai da shi furostagilandin. Shi ne ɗan aiken. Shi ke sa jijiyoyin jini su buɗe wurin ya yi ja ya ɗau zafi ruwa ya taru, kuma ya sa jijiyar jin ciwo ta zama mai saurin fushi, abin da da ba za ka ji ba yanzu ko riga ta goga sai ka yi ƙara.

Abin da ya fi burge ni ba a ajiye shi. Insulin ana haɗa shi a adana, a sake shi cikin jini ya zaga duk jiki, wannan kuwa nan take ake ƙera shi, ya leƙa maƙwabta ya faɗi abin da zai faɗa, cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna an rusa shi. Aiken cikin unguwa ne.

Sunan ma bisa kuskure aka raɗa shi. Wani masani ɗan Suwidin, Ulf von Euler, ya same shi cikin maniyyi a 1935 ya zaci daga furostet, wata halitta da ke ƙasan mafitsarar namiji, yake fitowa, daga baya aka gane ba can ne tushensa ba amma suna ya riga ya bi shi. Shi kuma arakidonik daga sunan gyada na kimiyya aka samo kalmar alhali gyada ba ta da shi. Kuma wannan almakashin, fosfolifes A2, yana cikin dafin kububuwa da na gamsheƙa, yanzu na ƙara gane abin da ya sa ƙafar wanda maciji ya sara take zama kamar turmi.

Asabar 25 ga Janairu

Tsohuwar kasuwa. Bagaruwa tiya biyu N3,000. Mai sayarwa ya tambaye ni ko jima zan koya.

Laraba 29 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai tun shekaranjiya, ko ƙarshen layinmu ba a gani, asmar ƙanwata ta tashi cikin dare. Ina zaune kusa da ita tana shaƙar inhela ƙirjinta na fito kamar usur, ni kuma abin kunya kaina yana kan abin da na karanta da rana. Arakidonik hanya biyu gare shi. In bai bi ta COX ba sai ya bi ta wani enzayim, 5-lifoksijines, ya zama lukotirayin, wanda Bengt Samuelsson ya raɗa wa suna a 1979. Shi wannan matse hanyar numfashi yake, kuma ya ninka histamin, ɗan aiken da ke kawo ƙaiƙayi da atishawa, ƙarfi sau ɗaruruwa. Ƙwayar da likita ya rubuta mata take sha kowane dare, montelukas, ba ta hana a ƙera lukotirayin ɗin, ƙofar da yake ƙwanƙwasawa a huhu take tsayawa a kai ta tare. Kariya ce ta yau da kullum, in abu ya riga ya tashi inhela ce ke ceto.

Inna ta so ta ba ta asfirin wai kanta na ciwo na ce a bari tukuna. Akwai masu asmar da asfirin da danginsa ke tayar musu da ita, kamar mai ban-ruwa a fadama ne, in ka toshe wannan hanya ruwan sai ya karkata ya cika waccan. Ta samu sauƙi wajen asuba alhamdulillah.

Litinin 3 ga Fabrairu

Na je wurin Dakta da ƙarfina na zazzage masa duk abin da na haddace. Ya saurara har na gama sannan ya ce to in furostagilandin mugu ne haka, me yake yi a cikin lafiyayyen mutum, a tumbinsa da ƙodarsa, kullum ba fashi? Nan ido ya raina fata.

Ya ɗauko takarda ya zana mini. Saƙo ba ya aiki sai ya samu makarɓi a jikin ƙwayar, abin da ake kira risefta, wani furotin ne da ya ratsa bangon ƙwaya sau bakwai kamar ɗinkin buhu, kansa a waje wutsiyarsa a ciki. Irinsu wajen 800 ne a jikin mutum, kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sha a kansu suke aiki, a kansu ne ma Lefkowitz da Kobilka suka ci kyautar Nobel a 2012. Furostagilandin guda ɗaya, PGE2, ƙofa huɗu gare shi, EP1 zuwa EP4. In ya shiga ta EP1 tsokar wurin ta matse, in ya shiga ta EP2 ko EP4 ta saki, in ya shiga ta EP3 a can cikin ƙwaƙwalwa sai a ɗaga ma'aunin zafin jiki, wannan shi ne zazzaɓin da kake ji in maleriya ta kama ka, in kuwa a tumbi ne sai a rage asid a ƙara majinar da ke lulluɓe bangon ciki.

A kan kabu-kabu ina komawa gida na samu misalin da ya zauna mini. Hadari ɗaya ne ke haɗowa daga gabas, mai gero yana murna, mai shanyar albasa hankalinsa ya tashi, mai ginin laka yana salati. Hadarin bai canza ba, wanda ya gan shi ne ya bambanta. Dikilofenak kuwa bai san wannan ba, shi hana hadarin haɗowa yake gaba ɗaya.

Alhamis 6 ga Fabrairu

An tantance ganye da 'ya'yan a sashen tsirrai an ba ni lamba. Na cire ƙwallayen, na shanya ɓawon a inuwa. Inna ta hana ni turminta wai zai yi bauri, sai da na ari na maƙwabta.

Talata 11 ga Fabrairu

Metanol, ruwan sinadarin da zai tsotso abin da ke cikin garin bagaruwar, lita biyu da rabi N28,000, takardar tacewa N6,000. Na jiƙa gari giram 500, zai kwana uku ina girgizawa safe da yamma.

Asabar 15 ga Fabrairu

Innalillahi. Aikin sati biyu ya ƙone kuma ba wanda zan ɗora wa sai kaina.

Jiya na tace, ruwan ya fito ja-ja-wur kamar shayin da ya daɗe a wuta, na zuba a faranti na ɗora a kan tukunyar ruwan zafi ta lab don metanol ɗin ya tashi a hankali, ba a so ya wuce digiri 45 zuwa 50. Wajen la'asar aka ɗauke wuta, na jira har magariba ba ta dawo ba na tafi gida, ban kashe makunnin bango ba don a raina ai wuta sai gobe. Ashe cikin dare ta dawo, ma'aunin zafin tukunyar dama yana da taurin kai, ruwan ya tafasa ya ƙone ƙurmus ƙarfen ya ci gaba da gasa farantin har safe. Da na buɗe ƙofa ƙauri ne ya fara tarbata. Abin da ke cikin farantin ya zama baƙi ƙirin ya manne kamar kwalta, na sa cokali na kankara yana tashi kamar gawayi. Allah ya tsare ma da gobara ce, metanol ba ya wasa da wuta. Mai kula da lab ya yi mini faɗa sosai kuma da gaskiyarsa, ban ce uffan ba.

Sauƙin abin ina da sauran gari. Metanol ne sai an sake saye, wata N28,000 ɗin, na kira Yaya a Abuja na yi ta kame-kame kafin in kai ga maganar.

Juma'a 21 ga Fabrairu

Zagaye na biyu ya yi. Wannan karon kwana biyu na yi ina gadin farantin da kaina, in zan fita sallah sai na zare waya daga bango. Na samu busasshen ekstirak mai ƙyalli kamar ƙaro, yana cikin kwalba a firij. Na ɗanɗana ɗan mitsitsi, bakina ya ɗaure kamar na tauna ɗanyar kanya, tanin ɗin da ke jeme fata ke nan.

Talata 25 ga Fabrairu

Takardar izini ta kwamitin kula da dabbobin gwaji ta fito. Fararen ɓeraye 36 sun iso daga Zariya, N3,000 kowane, N108,000 ke nan, kuɗin mota N7,000, biyu sun mutu a hanya. Buhun abincin kaji N22,000. Baban da ke kula da ɗakin dabbobi ya leƙa kejin ya ce "ɗiyana, ɓerayen ga ba su san ranar Sakkwato ba, ka yi da hannu kahin zahi ya shigo." Sai sun yi sati ko fi sun saba da wuri kafin a taɓa su.

Asabar 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na sayi ma'aunin kauri na dijital N12,000, sirinji da safar hannu N5,500. Karajinan, abin da ake yi wa ɓera allurarsa a ƙafa don ta kumbura, wanda muka haɗa kuɗi mu huɗu aka yi mana oda daga Legas, har yau shiru, kasona N15,000.

Laraba 5 ga Maris

Na gaji da jiran karajinan na ce bari in yi gwajin share fage da ɗanyen farin ƙwai kamar yadda wasu ke yi. Ɓera shida, uku ruwa uku dikilofenak. Ƙafa ta kumbura nan da nan cikin rabin awa sannan ta fara saɓewa, kuma bambancin da na gani tsakanin kashin biyu bai taka kara ya karya ba. Na tsorata na ce ko maganin jabu ne.

Dakta ya ce maganinka lafiya lau, kai ne ba ka san lokacin ɗan aikenka ba. Kumburi hawa-hawa ne, a awa ta farko histamin da serotonin ne ke ihu, su dama a ajiye suke sakinsu kawai ake yi, furostagilandin kuwa sai an tada ma'aikatar COX-2, nau'in COX ɗin da kumburi ke farkarwa, an ƙera ta tukuna, ba ya karɓe fage sai wajen awa ta uku. Shi ya sa tun 1962 da aka fito da gwajin karajinan ake son shi, kumburinsa yana daɗewa har a kai wurin. Ni ma aunawata ba ta da kyau, wani lokaci ina matse ƙafar wani lokaci ina sassautawa, ɓera ɗaya na auna sau uku na samu lamba uku. Na sa alama da biro a daidai inda zan riƙa ɗora ma'aunin. Saura ɓera 28 da ba a taɓa ba.

Litinin 10 ga Maris

Kwana uku ban leƙa lab ba, muna asibiti da Kawu, ƙanen Inna da ke noman albasa a fadama.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya faɗi a gona, aka kawo shi a Keke Napep idonsa fari fat kamar takarda. Matarsa ta ce kwana huɗu bayan gidansa baƙi ne kamar kwalta ga wari, shi kuma ya ce ai zafi ne. Likita na jin haka ta tambaya wane magani yake sha. Aka laluba aljihun rigarsa sai ga ƙullin leda, ƙwaya biyar a ciki kala-kala ba kwali ba suna, haɗin da yake saye a kemis ɗin ƙauyensu na ciwon jiki. Na zuba su a tafin hannuna na gane uku, dikilofenak da ibufurofen da wata 'yar ƙarama fara mai kama da firedinisolon. Ƙulli ɗaya da sahur ɗaya da buɗa-baki, kafin azumi ma haka yake sha safe da dare tun farkon ban-ruwa. Da ya farfaɗo na tambaye shi ya ce "likita, wanga haɗi shi ɗai ka tashe ni, in ban sha ba ko lanƙwasa ban iyawa." Likita yake ce mini tun ina aji ɗaya.

Gyambon ciki ne ya fashe yana zubar da jini, baƙin bayan gidan jini ne da ya narke. Leda biyu aka ƙara masa, kuma gwajin ƙoda ya nuna ita ma ta taɓu. Ina tsaye bakin gadon zanen Dakta na 3 ga Fabrairu kawai nake gani. Saƙon da ke sa bayan Kawu ciwo shi ne dai saƙon da ke gaya wa tumbinsa ya yi majina ya kare kansa daga asid, magani biyu masu aiki iri ɗaya sun rufe ma'aikatar, na ukun kuma mai hana almakashin yanka tun daga sama ne, wata da watanni tumbi ba riga. Ƙoda kuma in mutum yana da ruwa a jiki ba ta cika damuwa ba, amma in ya bushe, irin wanda ya wuni cikin rana yana jan ruwa da azumi a bakinsa, jiki matse jijiyoyi yake don ya tsimi ruwa, furostagilandin ne ke riƙe ƙofar jinin ƙoda a buɗe, ka kashe shi a wannan lokacin ƙofa ta rufe. A Indiya dikilofenak ɗin da ake yi wa shanu ne ya kusa ƙarar da ungulayensu ta hanyar ƙoda, sai da aka haramta shi ga dabbobi a 2006.

Wani ɗan uwanmu ya ce da allura aka riƙa yi masa ai da ba ta taɓa cikin ba tunda ba ta baki ta bi ba. Na yi ta bayani cewa ta jini maganin ke isa tumbin ko ta ina ya shiga, bai yarda ba, na ƙyale shi don azumi ya fara cina.

Alhamis 13 ga Maris

An sallami Kawu da omefurazol, maganin rage asid a tumbi, da dokar kada ya ƙara kusantar haɗi. Likita ta ce ya ajiye azumi tukuna, wannan ne ya fi ɓata masa rai.

Daren jiya na yi ta tunanin me ya hana a yi maganin da zai kashe mugun saƙon kawai ya bar mai kyau, ashe an gwada. Da aka gano COX-2 a 1991 sai aka ce shi ke nan, COX-1 na tsaron gida ne COX-2 na kumburi, a toshe na biyun kawai. Haka Vioxx ya fito a 1999, tumbi ya ɗan huta, amma a Satumbar 2004 aka janye shi daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Dalili kuwa akwai wasu 'yan aike biyu 'yan gida ɗaya da ke jan igiya, turomboksen da ƙwayoyin daskarar da jini ke yi ta COX-1 yana cewa jini ya daskare, da furostasaikilin da bangon jijiya ke yi, galibi ta COX-2, yana cewa a'a ya gudana. Aka ɗaure hannun ɗaya aka bar ɗaya.

Ƙaramin asfirin ɗin nan na miligiram 75 da ake rubuta wa masu ciwon zuciya akasin haka yake yi. Asfirin in ya kama COX ba ya saki har abada, ƙwayar daskarar da jini kuwa ba ta da cibiyar da za ta ƙera sabo, sai ta ƙare kwanakinta bakwai zuwa goma a haka, shi kuma bangon jijiya ya ƙera nasa ya ci gaba. Abin dariya tun 1899 kamfanin Bayer ke sayar da asfirin ba wanda ya san yadda yake aiki sai da John Vane ya gano a Landan a 1971, ya raba Nobel ta 1982 da Bergström da Samuelsson. Shekara saba'in da ɗoriya ana sha a kan jiki magayi, kamar dai mu da bagaruwa.

Misofurostol ma da ake ba mata don tsai da jini bayan haihuwa, asalinsa maganin irin gyambon Kawu ne, furostagilandin ne na kanti. A tumbi ya sa majina, a mahaifa ya sa matsewa, shi ya sa mai ciki ba ta shan shi don olsa.

Talata 18 ga Maris

Zafi ya wuce digiri 40, ba wuta tun jiya, fankar ɗakin dabbobi a tsaye. Da safe na tarar da uku sun miƙe. Saura 25 cif, daidai adadin da nake buƙata, in ɗaya ya ƙara tafiya lissafi ya rushe. Baba ya ce "na hwaɗa maka." Shi ya kawo dabara, muka jiƙa buhunan algarara muka rataya a tagogi, muka sauko da kejin ƙasa kusa da randa, ina sayen ƙanƙara ina sawa a robobi a gefensu. Ni da ke azumi ina kallon ɓera na lasar sanyi.

Asabar 22 ga Maris

Karajinan ya iso, ɗan farin gari a ƙaramar kwalba, wai daga ciyawar teku ake samunsa. Duka 25 suna raye.

Talata 25 ga Maris

An yi gwaji. Tun daren jiya na cire musu abinci na bar ruwa, abokina ya ce su ma sun ɗau azumin goman ƙarshe. Kashi biyar, biyar-biyar: ruwa zalla, dikilofenak miligiram 10 a kowane kilo, sai bagaruwa 100 da 200 da 400. Ƙarfe bakwai na ɗura musu ta baki, ƙarfe takwas allurar karajinan 0.1 mil a tafin ƙafar baya ta dama, sannan awo kowace awa har sau biyar. Abokina ke riƙewa ni ina aunawa, kuma shi ya ɓoye mini wane keji ne wane don kada son zuciya ya shiga hannuna, shawarar Dakta ce.

A awa ta farko duk ƙafafun kusan ɗaya suke. Wajen sha ɗaya sai abu ya fara rabuwa da ido ma kana gani, wasu ƙafar ta yi suntum ta yi ja tana ƙyalli yatsun sun baje, ɓeran yana ɗage ta ba ya son ta taɓa ƙasa, wasu kuwa suna takawa abinsu. Ɗaya ya cije ni ta cikin safar a awa ta huɗu. Mun gama ƙarfe ɗaya da wani abu, na kwanta a kan benci har la'asar.

Alhamis 3 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Na shigar da lambobi a kwamfuta. Dikilofenak ya yi abin da littafi ya ce, shiru da farko sannan ya danne kumburin daga awa ta uku. Bagaruwa 100 kamar ruwa. Ta 400 tana tsakiya, amma ɓera ɗaya a cikinsu ƙafarsa ta fi ta kowa kumbura ya jagula lissafin, da biyar kacal a kashi kuwa ɗaya ya isa. Na so in cire shi Dakta ya ce ko da wasa, sai in kana da dalilin da ka rubuta tun ranar.

Na rubuta a babi na biyar cewa bagaruwa tana toshe COX, ya ja jan biro a kai. Ya ce ƙafa ka auna ba furostagilandin ba, ko da ragin gaskiya ne ba ka san ko ma'aikatar ta rufe ba ko ƙofar ta tare ko wani ɗan aiken daban ta tsare. Sai an auna PGE2 ɗin kansa, kayan awon kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun Yaya.

Ya kuma zabge shafi huɗu daga babi na biyu, inda na ɓata da labarin anandamaid, kitsen da jikinmu ke yi wanda aka gano a 1992 yana shiga ƙofar da sinadarin wiwi ke shiga, da S1P, wani kitsen ɗan aike mai ƙofa biyar wanda ke nuna wa sojojin jini hanyar fita daga kaluluwa. Na S1P ɗin ya fi yi mini ciwo don a 2014 masu bincike a Amurka sun nuna yana da yawa a jinin masu sikila, kuma da suka rage shi a ɓeraye lanƙwashewar ƙwayar jini ta ragu. Na adana shafukan a wani fayil.

Litinin 7 ga Afrilu

Jimillar abin da ya tafi zuwa yau N238,500 har da ƙanƙarar N4,000, ban da kabu-kabu da data.

Na je duba Kawu jiya, ya koma gona ana cirar albasa, bayan yana nan yana ciwo, farasitamol kawai aka yarje masa yana ta mita wai ba ya jin sa. Ya ce in bagaruwar tawa ta yi in kawo masa. Na ce Kawu ai ban san abin da za ta yi wa cikinka ba, kuma da na faɗa sai na ji ashe tambayar da ta rage ke nan. Yau na kai wa Dakta ita, in bagaruwa da gaske ta hanyar furostagilandin take bi to ya kamata a ɗura ta kwana bakwai a buɗe tumbin a duba, gefe da gefe da na dikilofenak. Ya ce in rubuto ƙarin neman izini zuwa Alhamis. Ana buƙatar sabbin ɓeraye 15, N45,000 ban da mota, ekstirak ɗin da ya rage a firij zai isa. Baba ya ce kada in kuskura in kawo su cikin wannan zafin sai in na samo fanka mai caji, gobe zan leƙa kasuwa in ji kuɗinta kafin in kira Yaya.